Tambayar da Injiniya Bai Yi Ba

"Kar ki taɓa ta!"

A sama Injiniya ya cafe yarinyar, jakar makaranta na reto a bayanta, hannuwanta a buɗe ta nufi ƙirjin uwarta. Ya dire ta a bakin ƙofa, ya nuna mata ƙasa, inda ya manna jan salatif daga wannan bango zuwa wancan. Sau nawa zai faɗa? Daga nan ake gaida Umma. Mai son tsallakawa sai ya wanke hannu ya sauya riga, kuma ko ya tsallaka ba a hawa jiki.

'Yar Baba, mai shekara biyar, ta turo baki ta ce ai hoton gida ta zana a makaranta, shi za ta nuna.

"Ka bar ta mana," Malama ta ce daga kan gado. "'Yata ce, ba kura ba."

"Daga makaranta take. Kin san abin da ta taɓo?"

"Na sani. Shekara shida ina koyar da irinta, ban mutu ba."

"Lokacin ba ki da wannan."

Ya nuna ƙirjinta. Malama ta dubi yatsan nasa, ta dubi yarinyar da ke tsaye a bayan layi da takarda a hannu, sai ta juya fuska ga bango. Shi kuwa ya ɗauka ta ga gaskiyarsa ne.

Injiniya dai mai gyaran firji ne. Bai taɓa leƙa ƙofar jami'a ba, unguwa ce ta ba shi sunan, ya karɓa da hannu biyu. A wurin gyara ma ya samo matar: firjin gidan iyayenta ya lalace, ya je, ya gan ta, sai gyaran rabin awa ya ci masa zuwa huɗu. A na huɗun ta tsare shi a ƙofar kicin ta ce in magana yake da ita ya faɗa, ya bar firjin mutane ya huta. Tun daga ranar take kiransa Mai Firji, shi kuma ya ce mata Malama, in kuma su biyu ne ya ce Hasken Idona, ta ce ya rage zaƙin baki kar ƙudaje su bi shi.

Shekara bakwai suna haka. Sai wata rana ciwon ciki ya kayar da ita a gaban 'yan ajinta. Hanji ne ya murɗe. Aka yi tiyata sau uku, aka cire mafi yawansa, ɗan abin da ya rage bai isa ya riƙe abinci ba. Ko ta ci, wucewa yake, ya bar ta tana murƙususu. Likitoci suka sa mata siririn tiyo a ƙasan ƙashin wuya, ya shiga babbar jijiya. Ta nan take cin abincinta yanzu: leda guda ta farin ruwa kamar madara, ɗan inji na tura shi a hankali awa goma sha biyu, daga yamma zuwa safiya. Kullum. Ba su ce na wata shida ba, ba su ce na shekara ba. Cewa suka yi sai abin da Allah ya yi.

Sista, ma'aikaciyar jinyar da ta koya musu aikin kafin a sallamo su, ta ja musu kunne a kan abu ɗaya: bakin tiyon nan ƙofa ce kai tsaye zuwa jini, ƙwayar cuta ɗaya ta shiga, an shiga uku. Aka kuwa gani. Wata uku da dawowa gida zazzaɓi ya rufe Malama, jikinta na karkarwa har gado na motsi. Injiniya ya tsaya a kanta a asibiti yana kiran sunanta, ta dube shi ta tambaye shi ko shi wane ne. Mako uku ta yi kafin ta tashi.

Ranar da suka dawo ya yi rantsuwa a ransa ba za a sake ba.

Kuma in Injiniya ya sa abu a gaba, to ka matsa masa. Ya haɗa firji na musamman don ledojin, da batir da sola, da ma'aunin sanyi a ƙofa, ko wuta ta yi kwana uku ba ta zo ba sanyin ba ya motsi. Ya sayi safar hannu da takunkumi kwali-kwali. Ya fitar da labule da darduma daga ɗakin saboda ƙura. Ya manna salatif. Daga ƙarshe ya ɗauke filonsa ya koma falo, don shi mutum ne mai juyi a barci, kar ya danne tiyo. Ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna, ta zo ta riƙe musu girki da yarinya, ya kuma roƙe ta a riƙa rufe ƙofar kicin kar ƙamshi ya dami mara lafiya.

Kowace safiya, bayan ya cire leda, ya goge bakin tiyo, ya rufe, sai ya tsaya da ɗan littafinsa ya yi mata tambayoyi biyar. Akwai zazzaɓi? Wurin yana zafi? Ya yi ja? Fitsari fa? Jiri? Ta ce babu, babu, babu, lafiya, babu. Ya rubuta, ya ce alhamdu lillahi, ya ɗaga mata hannu mai safa, ya tafi shago.

Wata goma sha ɗaya ba a sake jin zazzaɓi ba. A asibiti da shi ake ba da misali. In an sami sabon mai jinya yana rawar hannu, Sista kan ce ya je ya ga yadda Injiniya ke yi. Shi ma yana jin daɗin hakan, ba ya ɓoyewa. Namiji in ya rasa yadda zai yi da tsoro, aiki yake mayar da shi, in aka yaba aikin sai ya manta tsoro ne.

Malama kuwa magana ta riƙa raguwa a bakinta kamar ruwan randa mai yoyo. Ƙawayenta malamai sun zo sau biyu, suka tarar da sharaɗin wanke hannu da tsayuwa nesa, suka koma gaisuwa ta waya, daga baya wayar ma ta daina ɗauka. Wuni take tana kallon silin. In ya ce me ya faru, ta ce ba komai, shi kuma ba komai ɗin yake so ya ji.

Sai kwatsam, mako biyu bayan rigimar hoton nan, gari ya waye Malama ta tashi garau.

Ta yi wanka, ta shafa hoda, ta ce a buɗe mata sif. Littattafan koyarwarta ta ɗaure ta aika wa wata sabuwar malama. Kayan sawarta masu kyau ta raba wa ƙannenta, ta ce ai sun yi mata yawa tunda ta rame. Ta zaunar da Inna ta nuna mata yadda ake taje kan 'Yar Baba ba tare da kuka ba: a jiƙa tukuna, a fara daga ƙasa. Ta sami littafi ta rubuta lambar takalmin yarinyar, da maganin da jikinta ba ya so, da abin da ake ce mata in ta firgita. Ta kira yayarta da suka shekara ba sa ga maciji, ta nemi gafara. Shi ma da safe, bayan tambayoyi biyar, ta ce, "Mai Firji, ka yi ƙoƙari a kaina. Allah ya saka maka. In na taɓa ɓata maka, ka yafe."

Rabon da ya ji sunan nan a bakinta har ya manta. Ranar yana waƙa ya isa shago, maƙwabcinsa mai walda ya tambaye shi ko gado ya ci.

Ana cikin haka aka kira shi aikin haɗa ɗakin sanyi a wani gari, aikin kwana uku. Ya ce ba zai je ba. Malama ta ce sai ya je, shekara guda yana ƙin ayyukan waje saboda ita, ai ta iya haɗa ledarta da kanta. Ta ƙara da cewa tunda an yi hutun makaranta, Inna ta kai 'Yar Baba gidan ƙanwarsa su yi kwana ukun a can, yarinya ta ga 'yan uwa, ita ma ta ɗan huta da hayaniya.

Inna ce kaɗai ba ta yi murna ba. Ta same shi a tsakar gida yana ɗaure kayan aiki, ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba. Ta ce ta girma ta ga masu samun sauƙi, abin duniya suke nema, a ba su wannan a miƙo musu wancan. Ba ta taɓa ganin wanda ya warke ya hau rabon kaya ba. Mai shirin tafiya ke yin haka.

"Haba Inna. Shekara guda muna roƙon Allah ta yi dariya, yau ta yi kuma ki ce a'a?"

"Ni dai na faɗa maka. Matarka ce."

Ya ce tsufa ne ke sa ta zargi. Ya hau babur ya tafi asibiti karɓo ledojin mako, da niyyar in ya dawo ya sa su a firji, ya raka su Inna tasha, shi ma ya kama hanya.

Ya tarar da Sista tana cike takarda. Tun kafin ta tambaya ya fara ba ta labari, bakinsa har kunne: Malama ta warware, tana raha, ta raba kaya, ta shirya da yayarta, har ta kore su duka daga gida na kwana uku don ta nuna ta iya da kanta.

Sista ta ajiye biro. Ta ce ya rufo ƙofa ya zauna.

Ta sa ya maimaita, ɗaya bayan ɗaya. Me ta raba? Me ta rubuta? Wa zai kwana a gidan? Da ya ce ba kowa, ta tambaye shi kafin wannan fara'ar yaya take. Ya ce shiru dai, watanni. Ta ce da dare in suna kwance tana yi masa magana? Ya ce ai shi a falo yake kwana. Nan ya kwashe tsarin gidan duka ya faɗa mata, har da salatif, yana jiran yabo.

"Ni na ce maka ka yi haka?"

"Kin ce ƙwayar cuta ɗaya…"

"Bakin tiyo na ce, Injiniya. Abu kamar kan biro. Shi na ce a tsare. Ban ce a tsare matar ba. Yaushe rabon da ka riƙe hannunta ba safa?"

Ya dubi hannuwansa.

Sista ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce laifin har da nasu, su ma in ya kawo ta awo nauyi suke dubawa da jini, su ce madalla. Ta ce ta daɗe a wannan aiki, ta ga masu rayuwa da leda da yawa, kuma sau tari zuciya kan riga jiki gajiya. Mutum ba ya zama a ci da shi, ba ya fita yadda yake so, kullum yana ɗaure da inji, sai ya fara ganin kansa kaya ne aka ɗora wa mutane. In irin wannan ya daɗe cikin baƙin ciki, sannan rana ɗaya ya sami natsuwa, ya hau sallama da mutane, ya nemi a bar shi shi kaɗai, to ba a cewa an samu sauƙi sai an tambaya.

"A tambayi me?"

"Ko tana tunanin kashe kanta."

Injiniya ya miƙe tsaye. Ya ce subhanallahi, matarsa mai salla ce, mai karatu, ba za ta taɓa ba. Kuma ya za a yi ya furta mata wannan kalma, ya je ya sa mata abin da babu a ranta?

"Mai salla ma yana gajiya," Sista ta ce. "Tambaya kuma ba ta shuka abin da babu. In babu, za ta yi maka dariya, ka tafi aikinka. In akwai, ka buɗe mata ƙofa ne. Ka tambaya a fili, kar ka yi kwana-kwana. Kar ka yi mata wa'azi, kar ka bar ta ita kaɗai. Duk abin da ta ce, ka kawo min ita yau. Akwai likitar da ke duba masu damuwa, zan yi mata magana yanzu."

A hanya ya tuna abin da yake faɗa wa masu kawo masa gyara. Sukan ce firjin ya dame su da ƙara wata da watanni, sai jiya ya yi shiru, suka ji daɗi. Shi kuma ya ce musu ai ƙarar ce alamar yana fama, shirun shi ne abin tsoro. Shekara ashirin yana faɗin haka a shago, bai taɓa kawo shi gida ba.

Rana na tsaka ya iso. Jakar Inna da ta yarinyar na bakin ƙofa. Ya ce wa Inna ta mayar da su ciki, ta ja 'Yar Baba gidan maƙwabta na ɗan lokaci. Inna ta dubi fuskarsa, ba ta tambayi dalili ba.

Malama na zaune a bakin gado tana ninke ƙananan riguna. Ta ce ya makara fa, mota za ta tafi ta bar shi. Ya wanke hannu kamar kullum, ya miƙa hannu ga kwalin safa, sai ya fasa. Ya zo ya zauna kusa da ita, kusa sosai, har katifar ta lotsa ta gangaro da ita jikinsa. Ta ɗan ja baya, ta dube shi.

"Zan tambaye ki wani abu."

"Ba zazzaɓi, ba ja, ba jiri. Ka rubuta da safe."

"Ba shi ba." Ya dube ta ido cikin ido. "Hasken Idona… kina tunanin kashe kanki?"

Ya jira dariyar da Sista ta ce. Ba ta zo ba. Rigar da ke hannunta ta ci gaba da ninkewa, ta ninke ta har ta zama kamar hankici.

"Wa ya faɗa maka?"

"Ba kowa. Ke nake tambaya."

"E," ta ce. Muryarta ba ta ko rawa ba. "Watanni ke nan. Da ina korar tunanin, ina istigfari. Kwanan nan na gaji da korarsa."

Abubuwa goma suka taso masa a baki: haramun ne, ki dubi 'yarki, me na rage ki da shi. Ya haɗiye su duka. Ya kama hannunta. Ya ji yadda ya bushe, ya ji ƙasusuwan yatsunta, abin da safa ta ɓoye masa wata goma sha ɗaya.

Ita ma hannun take kallo. Sai ta fara magana, a hankali, kamar mai karanta wa 'yan aji. Ta ce abinci tana kewarsa, ƙarya ne ta ce a'a, har mafarkin tauna take yi. Amma da wannan kaɗai ne da ta jure. Abin da ya cinye ta shi ne tana jin su ta bayan ƙofa suna ci suna hira, in ta fito a yi tsit a rufe kwano kamar an ga mai bin sawu. 'Yarta ta koyi tsayawa nesa da ita, har in ta miƙa mata hannu sai ta waiga ta ga ko Baba na kallo. Mijinta kuma yana shigo mata fuska a rufe, ya gama ya wanke hannu ya fita.

"Na ɗauka ƙyamata kake. Na ce to, mutumin kirki ne, ba zai faɗa ba, zai yi ta ɗauka har ya tsufa. Gara in sauke masa."

"Ƙyama?" Hawaye suka zubo masa, bai share ba. "Ranar da kika dube ni kika ce wane ne ni… ban sake barci daidai ba. Duk lokacin da na so taɓa ki sai in ga hannuna ne zai kashe ki. Ina tsayawa a ƙofar nan in kin yi barci, in yi ta kallonki, in koma falo."

"Da ka shigo."

"Da na shigo."

"Ka kula da tiyon nan, Mai Firji, tsakani da Allah ka kula da shi. Matar da yake jikinta ce ka manta."

Ya jawo ta. Ya bi ta ɓangaren da ba tiyo, ya sa kanta a kafaɗarsa, ya zagaye ta da hannu biyu. Da farko jikinta ya sandare kamar na baƙuwa. Can sai ya saki, kukan ya zo, irin wanda ya daɗe a ɗaure. Ya bar ta ta yi. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, masu ɗakin sanyi ne, bai ko duba ba.

Da ta lafa, ta ce masa kar ya ruɗi kansa. Tunanin bai tafi don ya yi kuka ba. Yana nan, ya dai matsa gefe.

Ya ce to su tafi da tunanin asibiti, a gan shi. Sista na jira.

Malama ta ce mutane za su ce ta haukace. Ya ce mutanen su zo su ɗauki ledar kwana ɗaya tukuna. Ta ce Inna fa? Ya ce Inna ta riga shi ganewa, shi ne dai jakin gidan. Wani abu mai kama da murmushi ya taɓa gefen bakinta.

Inna ce ta yafa mata mayafi da hannunta. Ta riƙe fuskarta ta ce, "'Yata, ki je ki faɗa musu duka, kar ki rage. Ba inda za ni, ina nan har ki dawo." Suka tari mota a bakin titi. Duk tsawon hanya hannunta na cikin nasa, gumi ya haɗa su, ba wanda ya zare.

Sista ta kai su wani ɗan ofis a ƙarshen baranda, mai benci a ƙofa. Da aka ce Malama ta shigo, Injiniya ya miƙe tare da ita, yana lalubar littafinsa a aljihu.

"Zauna," Malama ta ce. "Wannan da bakina zan faɗa. Amma kar ka je ko'ina."

"Ina zan je?"

Ya zauna. Mutumin da bai iya zaman minti biyar ba tare da ya kwance wani abu ya ɗaura ba, ya yi awa ɗaya da rabi a kan benci, hannuwansa a cinya, ba abin da zai gyara. Ya ji muryarta ta bayan ƙofa, ta tsaya, ta ci gaba. Daga baya aka kira shi ciki, likitar ta faɗa musu abin da za a yi a gida, da abin da za a ɗauke daga ɗakin, da lambar da za su kira ko da wane lokaci ne. Ta ce hanya ce mai tsawo, akwai ranakun da za su yi nauyi. Ya ce ya ji.

Suka fito baranda, idanunta sun kumbura. Ta tsaya tana duba 'yar takardar da aka ba ta, ta juya ta, ta sake dubawa.

"Ta ce in dawo Alhamis. Da Alhamis ta sama, da wadda ke bin ta." Ta ɗago ta dube shi. "Za ka kawo ni?"

Ya gyaɗa kai.

"To ka faɗa wa masu ɗakin sanyinka su nemi wani," ta ce, ta sa takardar a jaka ta ja zif. "Ina da wurin zuwa ranar Alhamis."